Mouk, Luna ko Willy Fog: wane katun ɗin yawon duniya ya dace da yaronku?

Akwai katun guda uku da suka bi hanya ɗaya: a ɗauko dabbobi, a ba su baki da tufafi, a tura su yawon duniya. Akwai Mouk na Faransa, akwai Let's Go Luna na tashar PBS ta Amurka, sai kuma tsohon nan Willy Fog wanda Sifaniya da Japan suka haɗa hannu suka yi. Wanda ya leƙa su sama-sama zai ce duk kanwar ja ce. Amma duniyar da kowannensu ke nuna wa yaro daban ce, kuma shekarun da suka dace da kowanne ba ɗaya ba ne. Tunda data kuɗi ce, kuma ba a son yaro ya wuni da waya a hannu, gara a san wanda za a sauke tun kafin a danna.

Ma'aunin da nake auna su da shi tambaya ce guda: idan matafiyan nan suka sauka a wata ƙasa, wa ya san gari a cikin labarin? Baƙon ne, ko ɗan gida, ko wani na uku da ke yi wa kowa bayani? Amsar wannan ita ce abin da yaro ke sha ba tare da ya sani ba, kuma tana daɗewa a ransa fiye da sunan kowane babban birni.

Mouk daga littafi ya fito. A 2007 wani mai zane Bafaranshe, Marc Boutavant, ya fitar da babban littafin hotuna mai suna Le tour du monde de Mouk, wanda duk inda ka buɗe ƙasa guda ce cike maƙil da ƙananan halittu, kowa na sha'anin gabansa. Kamfanin Millimages na birnin Faris ya mai da shi katun, aka fara nuna shi a 2011, ya fito a tashar France 5 da kuma Disney Junior. Kashi 104 ne, kowanne minti 11. An kuma riƙe salon zanen littafin: launuka masu haske, siffofi zagayayyu, ba ƙyalƙyalin kwamfuta mai ɗauke ido.

Mouk ɗan ƙaramin beyar ne, mai natsuwa da son sanin abu. Abokin tafiyarsa Chavapa muzuru ne, mai gaggawa da yawan ƙorafi, kuma galibin abin dariyar daga wajensa yake fitowa. Abin hawansu keke. Wannan zaɓi ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin mai keke ba ya tsallake gari ta sama. Dole ya tsaya ya tambayi hanya, ya nemi ruwa, ya nemi wurin kwana. Abokansu biyu, Popo da Mita, suna can gida, kuma ta kiran bidiyo ake haɗuwa da su. Matafiyan su ba da labarin abin da ya same su, sai a nuna mana yadda abin ya faru.

Duk inda suka je, Japan ne ko Indiya, Sin ko Ostareliya, Peru ko Madagaska, dusar ƙanƙarar Kanada ko rairayin Sahara, akwai ɗan gida da zai tarbe su, yawanci yaro sa'ansu. Shi ya san yadda ake cin abincin, shi ya san ƙa'idar wasan, shi ya san abin da ake yi da abin da ba a yi. Mouk da Chavapa su ne marasa sani. Su yi kuskure, a yi dariya, a gyara musu, su gode. Yaron da ya kalli wannan sau ashirin ya koyi abin da iyayenmu ke faɗa wa mai shirin tafiya: idan ka je garin mutane ka sa ido, ka rage baki, ka tambaya. Ban ga wani katun na ƙananan yara da ya riƙe wannan ladabi na baƙunci kamar Mouk ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita shi.

Babu mugu a cikinsa. Ba wanda ke bin su da sharri, ba faɗa, ba tashin bam, ba ihu. Matsalar kowane kashi ƙarama ce, daidai kan yaro: wani abu ya ɓace, an makara, an ɓata hanya, an yi wa wani alkawari ana neman yadda za a cika. Tafiyar labarin a hankali take, har akwai lokacin da ba a cewa komai, ana kallon wuri kawai. Ɗan shekara uku zuwa shida zai bi shi daga farko har ƙarshe, kuma idan aka kashe wayar ba ya tashi a birkice kamar yadda wasu katun masu gudu ke barin yara.

Inda ya gaza kuma a fili yake. Kowa a duniyar Mouk yare ɗaya yake yi, in ban da gaisuwa ko sunan abinci da ake ɗan jefawa. Babu iyaka, babu biza, babu wanda ya tambaye su kuɗi. Ƙasa guda takan dunƙule ta zama hoto ɗaya ko biyu, kuma abin da ya fi fitowa daga Afirka shi ne hamada da daji da rayuwar karkara. Ba a yi shi da raini ba, mutanen da ke cikinsa masu mutunci ne da wayo, amma yaron da ke zaune a Kano ko Yamai yana ganin gadar sama da cunkoson motoci kullum zai iya tambaya ko ina tasa Afirkar. Sannan ba katun ɗin haddace bayanai ba ne. Wanda ke son ɗansa ya tashi da sunayen manyan birane da koguna a ka ba zai samu da yawa a nan ba. Ɗan shekara takwas kuma zai ce masa na jarirai ne.

A nan Luna ke shigowa. Joe Murray ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a PBS Kids a watan Nuwamban 2018. Yara uku ne 'ya'yan wani ayarin masu wasan nishaɗi da ke yawo gari-gari, Circo Fabuloso. Akwai Andy, kwaɗo daga Amurka mai son zane. Akwai Carmen, malam-buɗe-littafi daga Meziko mai son kiɗa. Akwai Leo daga Ostareliya, wata dabba ce ta can da ake kira wombat, ɗan mai dafa wa ayarin abinci, don haka shi hankalinsa na kan girki. Jagorarsu ita ce Luna, wato farin wata, wadda ke saukowa daga sama da hularta ta zaga gari da su.

Luna birane yake bi, ba ƙasashe ba, kuma yana kiran sunansu ɓaro-ɓaro: Alƙahira, Nairobi, Istanbul, Delhi, Beijin, Mosko, Landan, Faris, Tokyo, Rio. Wannan ya ba shi maki a inda Mouk ya yi rauni, domin yaro zai ga Alƙahira da Nairobi a matsayin birane masu tituna da kasuwanni da gine-gine. Kowane shiri labari biyu ne na minti 11, da ɗan gajeren zane a tsakaninsu, sau da yawa tatsuniya ko waƙe na ƙasar da ake ciki. Bayani kuwa a cike yake: sunan gini, sunan kayan kiɗa, asalin wani abinci, dalilin wani biki. An tsara shi ne da niyyar koyarwa, kuma hakan ba ya ɓuya.

To amma wa ya san gari? Luna. Ita ta san kowa a ko'ina, ita ke cewa ga inda za a je, ita ke rera waƙar da ke ɗauke da darasin, ga kuma wani ƙwallon taswirar duniya mai magana da ake tambaya idan an kakare. Ana haɗuwa da 'yan gida, suna da suna da hali, amma sau da yawa ta hannun Luna ake isa gare su. Yawon buɗe ido ne da malama, ba baƙunci ba. Ba laifi ba ne, wani yaron ma haka ya fi so, musamman mai yawan tambaya da ke son a ba shi amsa kai tsaye. Sai dai ku san abin da kuke zaɓa.

Abu biyu iyaye za su so su sani tun da wuri. Na farko, shirin yana da sauri da hayaniya da waƙe-waƙe, kuma Turancinsa na Amurka ne mai gudu da barkwancin da ya dogara ga jin harshen. Yaron da Turancinsa bai nuna ba zai ga launuka suna wucewa kawai. Na biyu, tunda al'adu yake koyarwa, yana shiga bukukuwa da abubuwan da suka shafi addinan mutane daban-daban, har akwai dogon shiri na musamman a kan yadda ake bikin Kirsimeti a sassan duniya. Wani gida zai ga wannan dama ce ta yi wa yaro bayanin cewa mutane iri-iri ne, wani gidan zai fi son a tsallake. Kowanne kuka zaɓa, ba shiri ba ne da za a miƙa wa ɗan shekara huɗu a juya baya. Watan da ke saka hula yana yawo a kasuwa ma kaɗai zai jawo tambaya. Samunsa kuma ya fi wuya, domin manhajar bidiyo ta PBS Kids an yi ta ne don masu kallo a Amurka, sai dai a nemi abin da aka ɗora a YouTube.

Willy Fog wani abu ne daban gaba ɗaya, kuma kuskuren da ya fi sauƙin yi shi ne a ga zaki da hular malafa a ɗauka na ƙananan yara ne. An yi shi a farkon shekarun 1980, aikin kamfanin BRB Internacional na Sifaniya da Nippon Animation na Japan, a kan littafin marubuci Bafaranshe Jules Verne na zagaya duniya cikin kwana 80. Don haka ko shi ma tushensa na Faransa ne. Kashi 26 ne, kowanne wajen minti 25, kuma labari ɗaya ne mai dogon zango. Ba a shiga ta tsakiya, kuma kowane kashi yana ƙarewa ne a inda zai hana yaro barci.

Shekarar 1872 ake ciki. Fog, attajirin zaki ɗan Landan wanda rayuwarsa ke tafiya da agogo, ya sa fam 20,000 a kan cewa zai zagaya duniya ya dawo cikin kwana 80. Tare da shi akwai baransa Rigodon, muzuru Bafaranshe, da ɗan ƙaramin abokinsa Tico mai shegen ci. A bayansu akwai 'yan sanda biyu, Dix da Bully, da ke zargin Fog da satar kuɗin Bankin Ingila, ga kuma Transfer, kyarkeci gwanin ɓad da kama, wanda aka yi haya don ya ɓata tafiyar. Hanyar ta bi ta Faris, Brindisi, Suez, Bombay, Kalkata, Hong Kong, Yokohama, San Francisco, New York, Liverpool, ta dawo Landan.

Ta fuskar ilimin ƙasa, wannan ya fi sauran biyun nauyi nesa ba kusa ba. Mouk yana Japan yau gobe yana Peru, ba a nuna yadda keke ya ƙetare teku. Luna ma haka, ayarin ya tashi ya sauka. A wurin Fog kuwa nisa abu ne mai ciwo. Idan jirgin ruwa ya tafi ya bar ka, ka yi asarar kwanaki. Idan layin dogo ya ƙare a tsakiyar Indiya, sai ka nemi giwa. Yaro zai fahimci cewa duniya tana da girma, cewa tekun Pasifik ba kududdufi ba ne, kuma idan akwai babba a kusa zai iya gaya masa abin da ya sa tafiyar ta yiwu a lokacin: an buɗe mashigin Suez a 1869, a shekarar kuma aka haɗa layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma.

Sai kuma ƙarshen labarin, wanda shi kaɗai ya isa dalilin kallo. Fog ya iso Landan yana ganin ya makara, ashe ya ci ribar kwana guda bai sani ba, saboda gabas ya yi ta nufa. Duk digiri ɗaya da mutum ya matsa gabas, rana na riga fito masa da minti 4. Digiri 360 sau 4 ya ba da minti 1,440, wato awa 24 cif. Yaranmu sun riga sun san rabin wannan lissafi ba tare da an kira shi lissafi ba: da azumi mutanen Maiduguri suna shan ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato, domin tsakaninsu akwai kimanin digiri 8. Ɗan aji huɗu ko biyar na firamare da aka haɗa masa waɗannan biyun ba zai manta ba.

Amma idan aka dawo kan tambayar wa ya san gari, Fog ne ya zo na ƙarshe. Shi bai fito don ya san kowa ba, ya fito ne don ya wuce. Ƙasashe a wurinsa tashoshi ne, mutanen cikinsu kuma ko masu taimaka masa ya yi sauri ko masu tare masa hanya. Matsala ta taso, ya zaro kuɗi daga jaka. Idon zamanin mulkin mallaka ne, kuma labarin bai ɓoye ba: 'yan sandan na ta sauri ne su kama shi kafin ya bar Hong Kong, domin daga nan ya fita daga ƙasashen da tutar Birtaniya ke kaɗawa. Indiyar da aka nuna ita ce ta daji da masu shirin ƙona gimbiya Romy da ranta tare da gawar mijinta, har sai da baƙin suka cece ta. Wurin nan yana da ban tsoro ga ƙaramin yaro, kuma yana buƙatar a gaya wa babban cewa wannan ba shi ne hoton Indiya ba. Ƙari a kan haka, ginshiƙin labarin caca ce, ko da an sa mata rigar mutunci, kuma akwai soyayya tsakanin Fog da Romy, mai kunya dai, wadda ta kai ga aure. Ni ba na ganin waɗannan sun isa a hana ɗan shekara tara kallo. Sun dai isa a ce ba shi kaɗai zai kalla ba.

Batun harshe zai yanke wa gidaje da yawa hukunci kafin a kai ga duk wannan. Babu ɗaya cikin ukun da aka yi da Hausa. Ga yaran Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Garwa da ke karatu da Faransanci, Mouk kyauta ce: harshensa na asali ke nan, jimlolin gajeru ne, ana furta su a fili, kuma abin da ake faɗa shi ake nunawa. Ga na Najeriya da Gana akwai shi da Turanci, a tashar shirin ta YouTube. Har yaron da bai fara makaranta ba yana iya bin sa, saboda hoton na ɗauke da rabin labarin. Wasu iyaye a Najeriya da ke son yaro ya saba da sautin Faransanci tun kafin sakandare za su iya sa masa kashi ɗaya da Turanci, washegari a maimaita shi da Faransanci. Willy Fog da Sifaniyanci aka yi shi, amma an juya shi zuwa Turanci da Faransanci tun tuni. Luna kuwa sai mai jin Turanci sosai. Idan abin da kuka fi damuwa da shi shi ne yaro ya ji harshen uwa, to duk ukun ba su ne amsa ba. Ku nemi Akili and Me na kamfanin Ubongo na Tanzaniya, wanda ke da fassarar Hausa, ko da yake shi haruffa da ƙirga yake koyarwa, ba yawon duniya ba.

Ta wajen lokaci ma Mouk ya fi sauƙin sarrafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allo, kuma in an rage ya fi. Kashi biyu na Mouk minti 22 ne, labari ya ƙare, ba abin da ya rage a rataye, a karɓi waya ba kuka. Abin lura kawai shi ne yawancin abin da ke YouTube an jera kashi da yawa ne a bidiyo ɗaya mai tsawon awa ko fiye, don haka ku ne za ku tsayar, ba shirin ba. Gara a sauke shi a ajiye a kashe data, saboda abin da YouTube ke jawowa bayan bidiyo ya ƙare ba ku kuka zaɓa ba. Zanen Mouk da na Fog duk ba sa buƙatar hoto mai nauyi, a sauke su a ƙaramin inganci ma sun fito.

Saboda haka, ɗan shekara uku zuwa shida, Mouk, ba tare da dogon tunani ba. Ɗan shida zuwa takwas da ke makarantar Turanci, mai son a gaya masa sunan komai, Luna zai gamsar da shi, in kun yarda ku riƙa leƙawa. Daga tara zuwa sama, Willy Fog, kashi ɗaya a rana, da taswira a kusa don a riƙa bin hanyar da yatsa. Wanda kuma zai sauke guda ɗaya tak don gida mai yara da yawa da waya ɗaya, ya sauke Mouk. Babban zai yi ƙorafi ya zauna ya kalla, ƙaramin kuma ba abin da zai firgita shi. Akasin haka ba ya yiwuwa: in aka sa Fog don a faranta wa yaya, ƙanen ne zai kwana yana mafarkin kyarkecin nan Transfer. Idan lokacin Fog ya yi, ku fara kallon kashin Indiya ku kaɗai, kafin ku yanke ranar da za a nuna shi da kuma wanda za a tura aike a lokacin.